Sunan da Na Kai Italiya a Bakina

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya komo da ni. Ni Kulu ce, daga wata tungar masunta da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Wara. Maigidana ya rasu, ruwa ya ci shi. Ban yi karatu ba. 'Yata Ramatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, in kuka ya zo mu dakata, in ya wuce mu ci gaba.

Shekaru kaɗan bayan an yanke mana jihar Kebbi, saƙo ya iso Yelwa cewa ɗan farina, wanda ke aikin bincike a ƙasar Italiya, ya faɗi a wurin aikinsa. Yana asibiti, bai san inda kansa yake ba, kuma likitoci sun ce a zo da uwarsa. Abokan karatunsa ne suka yi wahalar takardu, Allah ya saka musu. Ni dai jakata na haɗa: bargo, bandar kifi da na yi masa da hannuna, da gorar rubutu da limamin tungarmu ya ba ni, ya ce in na isa a ɗiga masa a baki.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma tawa ta fi ta kowace mace a tungarmu. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa faɗinsa ba. Da aka yaye shi, gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Wara, ita ta sa shi makaranta, shi ya sa nake ce masa Na-Gwaggo. In ina son ya ci abinci, sai in ce wa ƙanwarsa, "Gaya wa wancan tuwo na hucewa." Shi ma ya amsa ta bakinta.

A cikin jirgin sama aka zaunar da ni kusa da wata mata mai jiki, da zobe a kowane yatsa. Hajiya Binta, 'yar Kano, mai fataucin takalma da jakunkuna. Ita ta ɗaure ni a kujera. Da jirgin ya ɗaga, na kama hannunta har zobenta ya shiga namana.

"Sakar ni, Inna, ba ni ke tuƙi ba," in ji ta. "Ke da kika tsufa a kan ruwa, iska ce za ta ba ki tsoro?"

"A ruwa ana samun abin kamawa," na ce. "Nan mi za a kama?"

Ta yi dariya, ta ba ni goro. Da ta ji abin da ya fito da ni, sai dariyar ta tsaya. Ta tambaye ni wane aiki yaron ke yi, sai na ba ta labarin zuwansa gida na ƙarshe, lokacin ta'aziyyar ubansa.

Ran nan ina juya kifi a kan banda, na ba su baya, shi da Ramatu suna zaune a tabarma. Ya nuna mata manyan turakun ƙarfe da ke ɗauke da wutar Kainji suna wucewa ta bayan tungarmu zuwa birane.

"Ramatu, kin ga faya-fayan tangaran ɗin da wayoyin ke rataye a jikinsu? Wuta ba ta ratsa su, shi ya sa turken ba ya kashe awakinmu. Kowa na ɗauka babu abin da ke motsi a cikinsu. To akwai. Cike suke da ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani, sai dai kowace a ɗaure take, kamar jiragenmu da ke bakin gaɓa. Jirgin da aka ɗaure ba ya zuwa Yelwa, amma ba ya tsayawa cik. Yana ta kai da komo iyakar igiyarsa. Ni tsawon igiyar nake aunawa, da irin kewayen da jirgin ke yi."

"Don wannan aka kai ka Turai?" in ji Ramatu. "Ai da ka tambayi Baba tun yana da rai."

"Da saura. Igiyoyin a sarƙe suke da juna. In kin ja layi kin raba tangaran ɗin biyu, ƙwayoyin wannan gefe da na wancan ba su rabu ba. Ba ki iya faɗin halin ɗaya sai kin haɗa da ɗayar. Rawar da suke yi a bakin layin, ita ke gaya mana ƙarfin sarƙewar."

Ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa mutumin da ke kusa da kai. Na san da wa yake. Ban juyo ba.

Hajiya Binta ta gama ji, ta ce, "Allah mai iko. Mu muna neman wuta a gidajenmu, shi yana can yana neman inda ba ta bi."

Zangon farko shi ne birnin Rum. Aka jera mu gaban wani ma'aikaci da ke cikin akwatin gilashi. Ya duba takarduna, ya dube ni, ya yi magana. Hajiya ta matso don ta fassara, tun da ta iya yarensu na ciniki.

"Ya ce wurin wa kika zo."

"Wurin yaron."

"Ya ce yaya sunansa."

"Ba ya cikin takardar?"

"Yana ciki. So yake ya ji daga bakinki. Ana shigo da mutane da takardun da ba nasu ba, shi ya sa."

Na ce, "Na-Gwaggo."

Hajiya ta faɗa masa. Ya duba takardar, ya girgiza kai, ya sake tambaya. Na sake faɗa. Sai ya danna wani abu, wasu biyu suka zo, mace da namiji, suka kai ni wani ɗaki marar taga. Hajiya ta biyo mu tana ta surutu, suka bar ta ta shigo.

"Inna, kin san abin da kika yi?" in ji ta. "Sun ce uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ba uwarsa ba ce. Jirgin da ya kawo mu zai koma Kano, kuma da ke zai koma. Kunyar ɗan fari a nan? A gaban wa? Wannan Bature surukinki ne?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan yana nan a maƙogwarona, ina jin sa, amma ya ƙi hawowa. 

A ɗakin nan na tuna ranar da jirgin maigidana ya bugi kututture. Tafkin cike yake da itatuwan da ruwa ya binne tun da aka yi dam, suna tsaye a ƙasa kamar tsinin mashi. Mutanen tunga suka fita nema, suka jeru a bakin gaɓa suna kiran sunansa, 'yan'uwansa, abokansa, har yara. Ni ina tsaye a bayansu, bakina rufe, don mace ba ta kiran sunan mijinta. Ba a ga gawarsa ba. Ba ni da kabarin da zan nuna wa jikoki. Sai na ga ga shi za a sake: za a mai da ni gida, yaron ya cika a hannun baƙi, a sa shi a ƙasar da ban san hanyarta ba.

Na kama zanen Hajiya. "Gaya musu sunan annabin da kifi ya haɗiye ne. Ubansa masunci ne, shi ya zaɓa masa."

Hajiya ta dube ni, ta riƙe ƙugu. "Ke dai Bayawuriya, kin fi ƙarfina."

Ta juya ta kama yi musu bayani, da baki da hannu. Ta yi kifi da tafukanta, ta buɗe baki ta haɗiye iska, ta nuna ni, ta rufe fuskarta da gyale. Macen ta fara ganewa. Ashe su ma sun san annabin a littafinsu. Ta faɗi sunan da irin harshensu, ta duba takardar, ta dube ni. Na ɗaga kai, hawaye na zuba. Suka yi magana tsakaninsu, suka buga hatimi.

Kifin kam ba su bar mini ba. Wani ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushe, ya jefa a kwandon shara. Tarwaɗa ce mai kyau, na zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a sake mu, ƙaramin jirgin da zai kai ni garin da yaron yake ya tashi. Hajiya ta ce sai jirgin ƙasa. Ta bar harkar gabanta ta kai ni tasha, ta zaunar da ni a kan benci, ta ce kada in motsa, za ta yanko tikiti ta kuma buga wa abokin yaron waya ya tarye ni.

Tana tafiya wani saurayi baƙi ya zo ya durƙusa a gabana. "Sannu Mama, sannu da hanya," ya ce. Hausarsa a karye take, amma a wurin nan ta yi mini daɗi kamar ruwan randa. Ya ce Hajiya ce ta aiko shi ya kai kaya cikin jirgi. Har albarka na sa masa. Ya ɗauki jakar, ya shiga cikin mutane, ban ƙara ganinsa ba.

Da Hajiya ta dawo ta ga hannuna wayam, ta ɗora hannu a ka. Ta zagi yaron, ta zagi wanda ya koya masa Hausa, ta zage ni, sannan ta zauna kusa da ni. Takarduna suna ɗaure a cikin lalitata, su ba su tafi ba. Bargo ya tafi. Gorar rubutu ta tafi. Wannan ita ce ta karya ni. Na ratsa sama da ƙasa don in kai wa yaron abu guda, ga shi zan isa hannu biyu.

"Ki sauka inda jirgin ya ƙare, ba ya wuce nan," in ji Hajiya, tana cusa mini burodi a hannu. "Kuma ko wa ya ce miki sannu Mama, ki ce masa uwarsa." Ta tsaya a waje tana ɗaga mini hannu har muka ɓace. Ban san unguwarsu a Kano ba. Ramatu, rubuta cewa ina yi mata addu'a bayan kowace salla.

Jirgin ƙasa ya yi ta gudu. Can sai ya shige cikin dutse, duhu ya rufe mu da rana tsaka, ƙara ta cika kunnena. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, don na ɗauka ƙasa ce ta haɗiye mu. Muka fito, muka sake shiga wani. Duk shiga sai in ce wannan ne na ƙarshe. Sanyi kuma ya kama ni tun daga tafin ƙafa, haƙorana suna bugun juna.

Wata tsohuwa ce zaune a gabana, baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa. Ta daɗe tana kallona. Sai ta cire mayafin ulun da ke wuyanta ta yafa mini, ta ɗaure shi a ƙirjina kamar yadda ake yi wa yaro. Ta ciro hoton wani dattijo mai hula ta nuna mini, ta nuna sama. Na gane. Ni ba ni da hoto, sai na yi mata alamar tuƙa jirgi da filafili, na kife tafin hannuna. Ta gane ita ma. Ta riƙe hannuna, duk lokacin da za mu shiga dutse sai ta matse shi tun kafin duhun ya zo. Ta sauka a wata tasha, ta ƙi karɓar mayafinta. Ga shi can a cikin akwatina.

Garin yana bakin teku. Wani dogon mutum mai tabarau ya tarye ni, ya durƙusa har ƙasa. Malam Isufu, mutumin Gaya ta ƙasar Nijar, abokin aikin yaron. Ya ce, "Inna, ruwan da ke wuce ƙofar gidanmu shi ke zuwa naku, don haka ni ɗanki ne." Na yi masa kallon tsoro tukuna, saboda na tuna saurayin tasha, sai da ya faɗi sunan Ramatu da na gwaggonsu marigayiya na bi shi.

A hanya ya gaya mini abin da ya faru. Suna sanyaya abin da suke aunawa da wani ruwa mai tsananin sanyi. Ran nan tulunsa ya yoye a ɗaki rufe, ya zama hayaƙin da ba ya wari, ya kore iskar numfashi. Yaron ya faɗi, kansa ya bugu. Da ba a tarar da shi da wuri ba, da ba a aiko mini in zo ba, da sai dai a aiko da labari.

Da na shiga ɗakin asibiti sai ga yaron. Yana kwance, bututu a baki, inji na hura masa numfashi, wani akwati mai kama da talabijin yana kusa da kansa, koren zare na tsalle a ciki. Kallo ɗaya na yi masa na kau da kai. Na ja kujera na zauna gefe, na ba gadon kafaɗa, na kama jan carbi.

Haka na yi kwanaki. Likitar, wata mace mai gajeren gashi, takan shigo ta same ni a haka. Wata rana ta yi wa Isufu magana a hankali, na ga ya sunkuyar da kai.

"Mi ta ce?"

"Ba komai, Inna."

"Isufu, ba ka iya ƙarya ba. Mi ta ce?"

"Ta ce ko akwai faɗa tsakaninku. Ta ce ba ta taɓa ganin kin taɓa shi ba." Ya gyara tabarau. "Ta ce dalilin kiran ki ke nan. Wani lokaci mai irin wannan ciwo yakan ji muryar da ya sani tun yana ƙarami. Ta ce ki kira shi da sunansa, yadda kike kiransa a gida. In kwanakin nan suka wuce bai nuna alamar yana ji ba, dawowarsa za ta yi wuya."

"A gida ba na kiransa."

"Na sani, Inna. Na gaya mata. Ni kullum ina kira, bai amsa mini ba."

Na matsa kaɗan na ce, "Na-Gwaggo." Inji ya ci gaba da hurawa. Na ce, "Isufu, gaya masa ya tashi, an zo." Isufu ya faɗa. Babu ko motsin gira. Wadda ke da bakin kiransa tana kabari a Wara. Rubutu ya tafi da ɓarawo. Na rasa ci, na rasa barci. Duk lokacin da akwatin ya canza kuka sai in ce shi ke nan.

Wata safiya na ce wa Isufu ya kai ni in ga ɗakin da ya kayar da shi. Ya yi ta hanawa, na ce in bai kai ni ba zan fita in nema da ƙafata. Muka hau mota, muka bi bakin teku, ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar, iska na neman tsige ƙofar mota.

Ɗakin cike yake da wayoyi da tuluna na ƙarfe. An bar ƙofarsa a buɗe, an tokare ta. Na tsaya a bakin ƙofa ina numfashi a hankali, ina tsoron hayaƙin da ba ya wari. Isufu ya kawo mini wani abu a cikin ƙaramin kwano na gilashi. Baƙin dutse ne, bai kai farcen ɗan yatsana ba.

"Wannan ne?" na ce. "Saboda wannan?"

"Irinsa ne, Inna. Ɗan'uwansa yana cikin tulun can, cikin sanyi." Ya kunna wani akwati, wani zare ya bayyana yana karkarwa. "Wuta ba ta ratsa dutsen nan. Ki sa masa waya ta kowane gefe, babu abin da zai fito. Amma in aka kashe duk hayaniyar da ke kewaye da shi, aka saurara da kyau, ga abin da ake ji."

"Jiragen da ke ɗaure," na ce.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ya gaya miki?"

"Ya gaya wa ƙanwarsa."

Na daɗe ina kallon zaren. Sannan na tambaye shi abin da ya kawo ni. "Isufu, in dutse yana motsi daga ciki, to wanda ke kwance can fa? Ko shi ma yana nan ɗaure, yana kai da komo?"

"Inna, wannan ba ilmina ba ne. Na san dutse, ban san mutum ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Za mu fita sai idona ya kai kan teburin yaron. Akwai hoto a jingine. Bakin gaɓarmu ne, jirage a jere, hayaƙin banda na tashi. Wata mata ce a tsakiya ta ba da baya, tana juya kifi. Sai da na gane zanen na gane matar. Ban san lokacin da ya ɗauka ba.

"Kullum yana nan," in ji Isufu. "In aka tambaye shi me ya sa bai ɗauke ta ta gaba ba, sai ya ce haka ya san ta."

Muna komawa asibiti na ce, "Isufu, fita. Ja ƙofa."

Na juya kujerar. Na dubi fuskar ɗana, kallon da ban yi masa ba tun yana goye. Kunnuwan ubansa ne. Akwai tabo a haɓarsa da ban san inda ya samo shi ba. Kuma ashe har ya yi furfura a gemu. Na haifi mutum, ya girma, ya fara tsufa, ban gani ba. Na kama hannunsa, da sanyi kamar kifin da aka ciro yanzu.

Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na sake, ya fito kamar raɗa, ni kaina ban ji ba. Sai na ce a raina, wannan yaro ba a kusa yake ba. Ya yi nisa cikin ruwa. Wanda ya yi nisa kuwa ba a yi masa raɗa. A tungarmu in jirgi ya wuce tsakiyar tafki hadari na tasowa, akwai yadda ake kiransa: ka tsaya, ka dafe kunne ɗaya, ka ja sunan da dukan ƙirjinka har ya bi kan ruwa.

Na miƙe tsaye. Na dafe kunnena.

Ramatu, rubuta shi yadda na faɗa.

"Yunusaaa!"

Gilashin taga ya amsa. Ƙofa ta buɗe, ma'aikata suka shigo da gudu, Isufu a bayansu, wata ta kama kafaɗata za ta fitar da ni. Ban saki hannunsa ba. Kuma a cikin tafina na ji wani abu, kamar motsin ƙaramin kifi a cikin koma.

"Ya motsa!" na ce. "Isufu, gaya musu ya motsa!"

Likitar ta zo ta ɗaga masa fatar ido, ta haska, ta karɓi ɗaya hannun ta riƙe. Ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Ta ce ki sake," in ji Isufu.

"A gabansu?"

"A gabansu, Inna."

Ɗakin cike da mutane, maza da mata, har da marasa lafiyan da suka leƙo. Na rufe ido na sake. Na sake. Na kira shi har muryata ta dushe. Likitar ta ɗago kai, ta nuna wa na kusa da ita yatsun da ke matse nata.

Bai tashi ran nan ba. Tsoron bai sake ni ba, don sun ce yana iya komawa. Kullum da hantsi sai a rufe ƙofofin sauran ɗakuna, in tsaya in kira. Ma'aikatan suka saba, har wata takan kawo mini ruwan zafi da zuma tun kafin in fara. Aka cire bututun bakinsa. Sannan wata rana da la'asar, ina zaune na koma ba gadon kafaɗa, sai na ji murya kamar ta tsoho.

"Isufu."

Isufu ya zabura har kujerarsa ta faɗi.

"Isufu, wa ke kirana?"

Carbi ya kuɓuce mini. Na sunkuya ina lalubensa a ƙasa, hawaye ya hana ni gani. Da na samu baki sai na ce, "Isufu, gaya wa wancan ya sha ruwa, maƙoshinsa ya bushe."

 Sai yaron ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Gaya mata na ji."

Ya rayu. Ƙafarsa ta hagu tana ja har yau, kuma yana can wurin dutsensa, sai shekara-shekara yake zuwa. In ya zo, ta bakin Ramatu muke magana kamar da, sai dai yanzu in ina juya kifi nakan zauna ta gefen da zai ga fuskata.

Da na dawo gida, mutanen tunga suka yi ta zuwa sannu da hanya, kowa na son jin yadda Turai take. Da suka ɗauke ƙafa, wata rana da hantsi, maza sun fita su, mata suna gida, na gangara bakin gaɓa ni kaɗai. Na tsaya daidai inda na tsaya ranar da ake neman maigidana. Na dafe kunnena, na ja numfashi, na kira shi.

"Garbaaa!"

Sunan ya bi kan ruwa ya tafi. Na jira. Babu wanda ya amsa. Jiragen da ke ɗaure a gabana suna ta kai da komo, suna gogar juna.

Ramatu, ajiye alƙalamin. Ba ni ruwa.